Inna Ta Kasa Gane Dare

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya ƙafar taki, ta saki kuwa? Mu nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba.

Kin ce in riƙa ba ki labarin Inna ba ɓoye-ɓoye, to ga shi. Likita ya ce hawan jinin ya sauka, kuma tana cin abinci. Mantuwar ce dai tana nan, yau ta gane ni, gobe ta kira ni da sunan marigayi Baba. Amma abin da ya hana mu sakat shi ne barci. Wata biyu ke nan da na ɗauko ta daga wurinki can ƙauye saboda kusancin asibiti, ba ta taɓa yin barcin awa uku a jere ba.

Tagar ɗakinta tana kallon filin da manyan motoci ke kwana. Fitilu goma sha biyu ne a filin, kan dogayen turaku, farare fat, daga magariba har fitowar rana. Kuma Yaya, kar ki yi dariya, ni na kafa su da hannuna bara, kamfaninmu aka ba aikin. Har hoto na ɗauka ina taƙama. Yanzu ƙarfe biyun dare sai mu ji motsi, Inna ta gyara gado ta ɗauki tsintsiya, wai gari ya waye mun bar ta ta makara. Na nuna mata agogo, ta ce agogo ƙarfe ne, ita sama take tambaya. Ta leƙa taga ta ce, "Babu Zara, babu Gamzaki, to yaya mutum zai san inda dare ya kai?"

Mai ɗakina ta ɗinka labule mai kauri, ta ƙara da bargo. Inna ta yaye su, wai mun binne ta da ranta. Har zakaran maƙwabtanmu ya rikice, tun tsakar dare yake cara. Ni kuwa da safe haka nake hawa turke, idanu jawur kamar garwashi. Jiya saura ƙiris in damƙi waya mai wuta.

Ki sa mu a addu'a. Ki gaida kowa da kowa.

Ƙaninki,
Auta

*

Yaya,

Ina gaisuwa, ya gida, ya yara? Na ga saƙonki. Ki yi haƙuri da rashin amsa wayarki, abin da zan faɗa ne bakina ya kasa ɗauka, shi ya sa na zauna rubutu.

Daren Talata Inna ta buɗe ƙofa ta fita. Ba mu ji ba, gajiya ta kayar da mu. Wajen ƙarfe uku na farka na ga ƙofa a wangale, takalminta ɗaya a bakin matakala. Ban san lokacin da na kai titi ba riga ba. Ko'ina haske tar, allon talla yana canza launi, gidan mai yana ƙyalli, amma babu Inna. Maƙwabciyarmu ma'aikaciyar jinya, wadda muke kira Nas, ita ta tsince ta tana dawowa daga aikin dare. Ta same ta zaune a tashar bas da kwando, wai tana jiran motar kasuwa tun da rana ta yi.

Washegari zuciya ta ɗebe ni. Ina da makullin akwatin wutar filin nan. Ƙarfe ɗaya na dare na je na kashe duk sha biyun, na ruga gida na kai Inna bakin taga. Yaya, aikin banza na yi. Filin ya yi duhu, amma sama tana nan yadda take, ja-ja kamar tsohon ƙyalle, hasken dukan gari ya rine ta. Tauraro ɗaya muka gani, shi ma da ya matso sai ga shi jirgi ne.

Da safe Nas ta ƙwanƙwasa mana ƙofa, ko gaisuwar kirki ba ta tsaya yi ba. Ta ce ta gefen filin nan take bi kullum, kuma kafin a sa fitilun an taɓa tare ta a nan aka ƙwace mata jaka, ta nuna min tabon wuƙa a hannunta. Jiya a guje ta wuce wurin tana salati. Ta ce, "Ni na dawo maka da uwarka, kai kuma ka kashe min hanya?" Gaskiyarta ce.

Mai gadin filin ya gan ni, ya kai ƙara. An dakatar da ni daga aiki mako biyu. Na roƙi shugabanmu a sa wa fitilun murfi su riƙa haska ƙasa kawai, ya ce in rubuta takarda. Kin san inda irin takardun nan ke ƙarewa.

Yanzu a bakin ƙofa nake shimfiɗa, makulli a ƙarƙashin matashi. Ko Inna ta yi shiru, ni na kasa runtsawa.

Naki,
Auta

*

Yayata ta kaina,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Ki gode wa maigidanki da kiran da ya yi min, ya sanyaya min rai.

Shekaranjiya na ari motar wani abokin aikina, bayan magariba na sa Inna a gaba muka fita gari. Awa biyu muna tafiya, ina duba madubi, hasken gari yana bin mu kamar ba zai rabu da mu ba. Sai da muka wuce gonaki muka sauka daga kwalta na tsaya na kashe mota.

Da na fito na ɗaga kai, sai da na dafa mota. Na manta haka suke da yawa. Na fito da Inna, na ce ga su nan. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce ita ba ta ganin komai, baƙi ƙirin kawai. Ashe yanar da ke idonta ta ci ƙarfinta fiye da yadda muke zato. Na ce a raina na wahalar da tsohuwa a banza.

Amma ko a jikinta. Ta ja numfashi ta ce, "Yauwa, wannan shi ne dare." Ta tambaye ni ina Kaza da 'ya'yanta suke. Yaya, shekarata arba'in da ɗaya, aikina ke nan kallon sama daga kan turke, amma ban sani ba. Ta yi tsaki, ta tambayi watan da muke ciki, ta kama kafaɗata ta juya ni gabas, ta ɗaga min haɓa da hannunta. Sai ga su, 'yan ƙanana a cure wuri guda. Na ce na gan su. Ta ce, "To da sauran dare, Auta, a kwanta." Da sunana ta kira ni.

A kujerar mota ta yi barci, awa shida cur, har da minshari. Ni na zauna a kan murfin injin motar sauro yana cizo, ban ko motsa ba don kar in tashe ta.

Kafin asuba muka kamo hanya. Muna hango gari ta farka, ta ga jan hasken nan ya tokare sama, ta riƙe min hannu tana tambaya ko gobara ake yi, mu juya.

Na sha musu da ke a kan ni ya kamata in riƙe ta, yau na sauko. Ki share mata ɗakinta. Magani da ganin likita ki bar min, duk wata zan zo in kawo ta in mayar. Mai ɗakina tana haɗa kayanta tana kuka. Ranar Asabar muna tafe in Allah ya yarda, kuma zan kwana biyu a wurinku kafin in dawo.

Ƙaninki mai ƙaunarki,
Auta