Inna Ta Tumɓuke Yakuwarta

Yaya Habu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya aiki? Yaya Mariya da yara? Mu nan Bande lafiya, sai dai idon Inna.

Ranar Laraba ta shiga garka cire ciyawa, ta tumɓuke yakuwar da ta shuka da hannunta. Inna fa, wadda daga bakin danga take bambance rama da kuɓewa tun suna ganye biyu! Da na faɗa mata, ta ɗanɗana ganyen, sannan ta ce, "Hadiza, kar ki gaya wa Habu." Ba ta sake shiga garkar ba.

Na dai gaya maka. Ka sa ta a addu'a, ka zo tun tana iya gane fuskarka. A gaida kowa.

Ƙanwarka,
Hadiza