Ciwon da Kuka Ɓoye Mini

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna, ya yara? Ni lafiya lau, sai dai makon jiya jiri ya kwashe ni a wurin aiki, na zube tsakanin injinan wanki.

Likita ya auna ƙuguna, ya ce tumbin nan ba na hutu ba ne. Hawan jini, suga da kitsen jini duk sun taru mini. Ya tambaya ko akwai mai irinsu a gidanmu. Na bugi ƙirji na ce babu, Babanmu lokacinsa ne kawai ya yi. Da na kira Kawu, sai ya ce ai suga ne ya kwantar da Baba, kuma ke kike sayo maganin a ɓoye, don kada a ce gidanmu da ciwo.

Shekara nawa ina turo hoto kuna cewa na yi ƙiba, garin ya karɓe ni? Da kin faɗa, da tuni na yi gwaji.

Ki je a auna ki, ki kai autanmu ma. Allah ya bar zumunci. In ɗiyata da ke wurinki ta tambayi abin da ke damuna, ki faɗa mata sunan ciwon. Kada ki ce mata gajiya ce.

Ƙaninki.