Gwafar da ke cikin agogonka

Zuwa ga yayana, Mamman,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da addu'a, ƙanwarka Hadiza ce daga ƙasar Faransa, inda karatu ya kawo ni. Yau murna ta hana ni zama, kai kuma nake so in fara faɗa wa.

Ka tuna yadda kake zura fitila cikin rijiyoyin garka na Badaguishiri kafin ka sauka yasa? Kana cewa, "In wuta ta rayu, ɗan Adam ma ya rayu." Ranar saukarka ta ƙarshe ma fitilarka ta ci tangaran. Ba wanda ya san hayaƙin injin ban-ruwa da aka zura ciki yana kisa ba tare da ya kashe wuta ba. Igiya ta fito da kai, ba ka ƙara tsokanata ba.

Inna ta ba ni agogonka. Yaya, ka yafe mini, na farke shi! A cikinsa akwai ɗan farin dutse mai suna kwarz, bai kai ƙwayar shinkafa ba, mai reshe biyu kamar gwafar bakin rijiya. A ɗakin bincike, ni da Nasara abokan karatuna muna ratsa tsakanin rassan da haske mai ƙyaftawa. In akwai muguwar iska, sai ta sha hasken, ta yi zafi, ta yi ɗan ƙara da kunne ba ya ji. Dutsen yana ji, sai ya kaɗu ya ba da alama.

Sai dai dutsen naka ya cika gaggawa, kamar mai shi, ga tsakaninsa matsattse. Na zana wani mai faɗi, mai kaɗawa sannu. Na karya da yawa, na yi kuka ba kaɗan ba.

Yau da hantsi muka saka wa sabon dutsen irin hayaƙin nan, ɗan kaɗan, wanda fitila ba za ta ko girgiza ba. Allurar na'urarmu ta awo ta tashi! Na buga guɗa har Nasaran suka firgita.

Gaskiya na'urar ta cika tebur tukuna, sai na mai da ita abin da guga zai ɗauka. Sauri nake, domin ƙanenmu Sanusi ya gaji igiyarka. Jiya ta salula ya ce mini, "Kwantar da hankalinki, ina da fitila."

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya sa na'urar nan ta riga Sanusi sauka.

Taka,
Hadiza