Saiwoyin Mangwaron Baba Kafinta

Litinin, 3 ga Yuni
Mangwaron maƙwabcina Baba Kafinta ya faɗo mini a kan ɗakin ɗinki da hantsi, iskar kirki ma ba a yi ba. Kwano ya lotse, katako uku sun karye. Keken ɗinkina dai Allah Ya tsare. Na fita ko mayafi babu, na zazzage masa ta kan katanga. Tsohon ya bari sai da na gaji, sannan ya ce, "Ba wanda ya ji ciwo dai ko, 'yata?" Haushi kamar in fashe.

Talata, 4 ga Yuni
Yaya ya zo. Wai bishiyar wa? Tasa. To shi zai gyara, in ya ƙi kotu ta raba mu. Na ce ƙwarai kuwa.

Laraba, 5 ga Yuni
Kafin Yaya ya kawo takardar ƙara, sai ga Baba da tsani da zarto. Mutum ya haura saba'in fa! Ya ƙwanƙwasa katako sau ɗaya ya san mai sauran rai. Ƙusa in ta lanƙwashe ba ya yarwa, miƙe ta yake yi a kan dutse. Na tsaya kallo har na manta fushi nake. Na ajiye masa ruwa.

Alhamis, 6 ga Yuni
An ciro kututturen. Innalillahi! Saiwoyin ɓangarena duk a guntule suke, sara sumul. Bara da na faɗaɗa ɗakin, magini ya ce sun tare masa tushen gini, na ce ya sare, ai cikin gidana suke. Na manta sam.

A'a, ban manta ba.

Baba ya tsuguna ya shafa bakin saran da babban yatsa. Wanda ya shekara hamsin yana yankan itace, shi za a ɓoye wa? Ya ɗago ya dube ni. Yaya na tsaye yana ta tambayar me aka gani. Sai tsohon ya tura ƙasa da ƙafa ya rufe wurin. "Tsufa ne," in ji shi, "ni da shi duka."

Juma'a, 7 ga Yuni
Ashe marigayiya matarsa ce ta dasa mangwaron.

Lahadi, 9 ga Yuni
Rufi ya kammala. An tafka ruwa da yamma, ko ɗigo babu. Wallahi hannun mutumin nan daban ne.

Talata, 11 ga Yuni
Na yaga takardar Yaya. Na samo dashen mangwaro na kai wa Baba. Na buɗe baki zan faɗi abin da na yi, ya tare ni da "A ina za mu sa shi?" Na ce jikin katanga, inda na da yake.

"Saiwa za ta shigo miki gida fa, 'yata."

Na ce ta shigo.

Ba wani abu ba ne. Ɗakin ne ya yi zafi tunda babu inuwa.