Tsalle-tsallen Ajin Amaryata

Zuwa ga 'yata Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya ƙara muku lafiya ke da maigidanki, Ya sa albarka a aikin da ya kai ku nesa. Mu nan sai godiya. Gwiwar nan ce dai take tuna mini shekaruna kowace safiya, idon hagu kuma ya ƙara hazo, shi ya sa za ki ga rubutun yana hawa yana gangara. Yayanki ya leƙo ni kwanaki, ya gyara famfo, ya tafi a gurguje kamar yadda ya saba. Tun rasuwar mahaifiyarki, in ba agogon bango ba, babu mai yi mini magana kafin azahar.

Goggonki ta ce kin ƙudura cire 'yarki da ke hannunta, amaryata, daga makarantarsu ki mai da ita waccan ta bayan gari, don kin ji wai malamarsu tana cinye lokacin karatu da tsalle-tsalle. Gani ya kori ji, sai na ɗauki sandata na je da kaina. Malama ta ajiye mini kujera a bayan aji, kusa da taga. Lissafi suke yi. Da aka jima sai na ga kawuna sun fara langaɓewa, wani yana tauna fensir, wata tana hamma. Malama ta tafa hannu, suka miƙe a tsakanin bencina, suka ɗaga hannuwa sama, suka riƙa taɓa gwiwar hagu da hannun dama, suna taka ƙasa suna rera shida sau kaza. Kafin mutum ya shanye kofin shayi an gama. Da suka zauna, idanunsu a buɗe suke tar.

Na tambaye ta amfanin abin. Ta ce a wajen horo an gaya musu wai haɗa hannu da gwiwa yana sa ɓangarorin ƙwaƙwalwa biyu su yi aiki tare. Wannan kam ban haɗiye shi ba. Likitan da yake auna mini jini ya yi dariya da na faɗa masa, ya ce shi bai san motsin da yake ƙara basira ba, amma yaron da ya gaji da zama, in ya miƙe, gyangyaɗi yana sakinsa. Ita ma Malama ta ce ba za ta rantse a kan ƙwaƙwalwa ba, abin da ta sani shi ne bayan motsin tana samun kunnuwansu. Wannan gaskiyar tata ta burge ni. Mu a zamaninmu rungume hannu muke yi a ƙirji, wanda ya motsa ya sha rula, rabinmu barci muke da ido biyu. Zama shiru na koya sosai, shi ne ma darasin da na fi aiki da shi yanzu.

Ba zan ce miki magani ne ba. Amaryata har yau tana tuntuɓe a karatun littafi, kuma in an tambaye ta bakwai sau takwas a zaune, sai ƙafarta ta buga ƙasa kafin amsa ta fito. Na faɗa wa Malama, ta ce za ta lura. Tuntuɓen kuwa ba tsalle ne zai gyara shi ba, sai an samu mai zama ya saurare ta, ni kuma ba ni da abin da ya fi lokaci yawa.

To, ba zan ɓoye miki ba, da bakina a cikin zancen. Kullum in an tashi, ta nan take biyowa. Ta karanta mini shafi guda, sannan ta tsayar da ni in riƙe bayan kujera, ta ce in ɗaga hannu, tana faɗa wai ba ta taɓa ganin ango rago irina ba. Yanzu da kaina nake sauke gwangwanin shayi daga saman kabad, ba sai na jira maƙwabci ba. Motar waccan makaranta kuwa sai dab da magariba take sauke yara, a ƙofar Goggonki za ta ajiye ta, ba za ta ga ƙofata ba.

'Ya taki ce, kada ki yanke hukunci don tausayina. Roƙona ɗaya, ki bar ta zuwa ƙarshen zangon nan, ki riƙa kiranta a waya ta yi miki karatu ki ji da kunnenki. In ba ta ci gaba ba, ki mai da ita, ba za ki ji bakina ba. Sai dai ki sanar da Malama ɗalibai biyu ta rasa, kuma ɗayan babu makarantar da za ta ƙara ɗaukarsa.

Ki gaida maigidanki da surukarki, da ƙanen mijinki mai ɗinki. Goggonki da yayanki suna gaishe ku. Amaryata ta ce in faɗa miki angonta ya fara ƙoƙari. Allah Ya yi miki albarka.

Ni ne mahaifinki,
Baba