Sun karɓe katina na dillanci saboda ɗakin da ke cika da ruwa

Assalamu alaikum. Admin a ɓoye sunana. Jama'a don Allah ku ba ni shawara, amma ku karanta har ƙarshe tukuna.

Ni dillalin gidaje ne a Samaru, yawanci ɗalibai nake samar wa ɗaki, ba wanda ya ɗora ni, da ƙafata na koyi aikin nan. Muna da ƙungiyar dillalai, kuma dokarmu ita ce ba ka faɗin aibin gidan da ke hannun ɗan ƙungiya. To kwanaki wani dattijo ya kawo 'yarsa daga Shika, ya ga ɗaki a hannun abokin aikina, ya ja ni gefe ya ce in gaya masa tsakani da Allah. Na ce Baba, in damina ta sauka ruwa har kan katifa yake hawa. Ya fasa.

Aka kira mitin, ciyaman ya ce na ci amana, na ce amanar wa? Suka karɓe katina, suka bi bango suna goge lambar wayata da fenti, suna yaɗa cewa an ƙwace mini lasisi. Na je wajen lauya, ya ce kati ba lasisi ba ne, shaida ce kawai cewa kana cikin ƙungiya, lasisi kuwa hukuma ke bayarwa, kuma ƙungiyarmu ba hukuma ba ce. Wato shi kansa ciyaman ba shi da abin da yake cewa ya ƙwace.

Damuwata Madam ce, wata 'yar kasuwa a Muchia, gidanta na ɗalibai shi ne rabin abincina. Na yi mata bayani da Hausa, na yi da Turanci, ta ce ita kati ta sani, in ban kawo ba kafin ɗalibai su dawo daga hutu in ajiye mata makullanta. Ciyaman kuma ya aiko cewa abu mai sauƙi ne, in tsaya gaban mitin in ce na yi kuskure, a mayar mini da katina.

Ni dai ban yi kuskure ba, gobe aka sake tambayata haka zan faɗa. Amma ina da iyali. In je in furta abin da zuciyata ba ta yarda da shi ba, ko in kai wa Madam makullanta da hannuna?