Na Shayar da Tumatirin Auta

Zuwa ga Maman Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da duk mutanen gida. Yaya ƙafar taki? Ina fata kina shafa maganin, ba ajiye shi kika yi a saman firiji kina kallo ba. Ya jikoki, ya maƙwabta?

Ni dai alhamdu lillahi. An cire yanar idon lafiya, likita ya ce in ci gaba da zama a gidan ƙanena, inda Auta ma take zaune, har ya gama duba ni. Yanzu ina gani tar. Na ga ashe ƙanen nawa ya tsufa, na kuma ga rigar nan da kika daɗe kina ce mini shuɗiya ce ina musu, ashe shuɗiyar ce. Na ba ki gaskiya.

Za ki ce me ya hana ni kiran waya. Akwai maganar da ba zan iya faɗa miki a waya ba, don na san kafin in kai rabi za ki katse ni da salati, in na ci gaba ki katse ni da dariya. A takarda dole ki bari in gama.

Kin san Auta tana cikin ɗalibai 'yan kaɗan da jami'a ta zaɓa su yi bincike na kansu tun kafin su gama digirin farko. Nata a kan tumatir ne. Tana so ta gano irin da ya fi jure ƙishirwa. A ƙarshen zango kowannensu zai tsaya gaban manyan malamai ya bayyana abin da ya samo, wanda aikinsa ya gamsar a bar shi ya ci gaba baɗi, wanda bai gamsar ba a sallame shi a ɗauki wani. Duk wannan na sani a baki. Abin da ban sani ba shi ne yadda ake yin aikin.

Ranar Asabar ta ce in zo in ga wurin, tunda ido ya buɗe. Wani dogon ɗaki ne na gilashi a bayan sashensu, da dumi kamar kicin, tukwanen roba jere a kan tebura, kowace tukunya da tambarinta. Muna shiga aka kira ta ta karɓo sikeli a wani ofis. Ta zaunar da ni a benci, ta ɗaga mini yatsa kamar yadda kike yi, ta ce kada in taɓa komai.

Maman Auta, na zauna. Wallahi na zauna. Amma teburin da ke gabana tukwanensa duk masu jan tambari ne, kuma tumatirin cikinsu ya yi laushi, ganye ya nannaɗe, ƙasa ta tsage ta rabu da jikin tukunya. Na waiga na ga masu koren tambari sun yi shar. Sai na tuna a asibiti, kafin su shiga da ni, jar alama suka yi mini a saman idon da ke ciwo don kada a manta wanda za a yi wa aiki. Na ce a raina ashe nan ma haka suke yi, waɗannan su ne marasa lafiya, yarinya aiki ya yi mata yawa ba ta kai kansu ba. Ga famfo a kusurwa, ga butar ban ruwa a rataye. Duk rayuwata a lambu na yi ta, ban taɓa wuce shuka tana ƙishi na kau da kai ba. Na kuma gaya wa kaina cewa ba da ruwa ai ba taɓawa ba ne.

Ina cikin aiki har da ɗan waƙe-waƙena, na ci kusan rabin teburin, sai na ji wani abu ya faɗi a bayana. Jakar Auta ce, ashe ta dawo. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Ta tsaya tana kallon ruwan da ke ɗiga ƙarƙashin tebur, sannan a hankali ta ce mini da gangan aka hana su ruwa, ƙishirwar ita ce binciken, makonni ta yi tana renon wannan ƙishirwa. Babu kuma lokacin sake shuka kafin ranar bayani.

Na rasa inda zan sa butar. Ita kuwa hawaye na zuba ta jawo sikeli, ta shiga ɗora tukwanen ɗaya bayan ɗaya tana aunawa tana rubutawa. Na ce in taya ta ɗauka, ta ce in koma benci.

Tun ranar tana gaishe ni da safe, tana ɗiga mini maganin ido a kan lokaci, amma hira ta ɗauke. Abinci ba ya shiga mini. Idan aka sallami yarinyar nan daga shirin, da hannuna na kore ta, hannun da nake tutiya da shi. Ki taya mu da addu'a, kuma don Allah kada ki kira ta da maganar tukuna.

Ki gaishe da kowa.

Mijinki,
Mai Lambu

*

Zuwa ga Maman Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Na ji daɗi da kika ce kumburin ƙafar ya sauka. Ya yaran, ya hidimar gida?

Saƙonki ya iso ta bakin matar ƙanena, kuma ba ta rage ko kalma ba, har da inda kika ce ko lokacin da ba na gani ban taɓa yin ɓarna irin wannan ba. Na karɓa.

Ga inda aka kwana. Ban iya zama ba, sai na sa kayana masu kyau na tafi wurin malamar da ke kula da binciken Auta, wadda suke kira Dakta. Na yi zaton zan tarar da dattijuwa, sai na ga mace da ba ta fi babbar 'yarmu ba, tana cin biskit a kan tarin takardu. Na zayyana mata komai, na ce laifina ne, in akwai hukunci a yi mini. Ta saurare ni har ƙarshe cikin ladabi, ta ba ni ruwa, sannan ta ce ba ni jami'a ta ɗauka ba, don haka ba ta da abin da za ta yi da ni. Binciken na Auta ne, ita ta bar baƙo shi kaɗai a ɗakin, ita kuma za ta nemo mafita. Na yi godiya na fito. Ashe akwai laifin da ko ka roƙa ba za a bar ka ka ɗauka ba.

Ƙanena ya kawo tasa dabarar a kan abincin rana. Wai ta kwashe tukwanen da na jiƙa ta zubar, ta ce tsutsa ce ta cinye su, wa zai sani? Ba zan ɓoye miki ba, ni ma zuciyata ta ɗan karkata. Auta ta ajiye cokali ta ce Kawu ya yi haƙuri, ita za ta sani. Ta ce kuma ko ta zubar, waɗanda suka rage ba su kai yawan da za a kafa hujja da su ba. Daga ni har shi muka koma kan abincinmu kamar yaran da aka kama da hannu a tukunya.

To, ashe awon nan da ta yi tana kuka shi ne ya bar mata ƙofa. Kullum da safe tana auna kowace tukunya, don haka da ta sake aunawa bayan ɓarnata ta san daidai ruwan da kowacce ta sha. Sai ta je wa Dakta da sabuwar tambaya: idan shuka ta sha ƙishirwa har ta kusa mutuwa, sannan ruwa ya zo, wane iri ne ke farfaɗowa? Dakta ta yarda, amma da sharaɗi. Dole ta faɗi gaskiyar yadda ruwan ya zo, kuma ta sani malaman na iya cewa wannan ba bincike ba ne, hatsari ne aka yi wa kwalliya.

Yanzu tana fita da sassafe, ta dawo ƙafafu duk ƙasa. Jiya tana ɗiga mini magani sai ta ce in buɗe idon da kyau, tunda na iya buɗe shi a inda ba a aike ni ba. Maman Auta, tsiya ce ta yi mini, amma ban taɓa jin tsiya mai daɗinta ba. Na ci abinci har na nemi ƙari.

Likita ya sallame ni, amma ba zan taho ba sai an yi ranar bayanin. Ban san ko zuwana zai ƙara mata nauyi ba. Na tambaye ta, ta ce in zo, amma in bar hannuwana a aljihu.

Ki gaishe da jikoki, ki ce ina tafe da tsaraba.

Naki har kullum,
Mai Lambu

*

Zuwa ga Maman Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar mutumin da aka sauke wa dutse daga ƙirji. Ina fata kina lafiya, ƙafa kuma ta warware. Na san Auta ta riga ta kira ki, na ji ihunki daga ɗakin da nake. Amma ita taƙaitawa take yi, ni kuwa ina so ki ji shi yadda ya faru.

A babban zauren jami'a aka yi. Kowane ɗalibi ya kafe babbar takarda a allo, da hotuna da zane-zane, ya tsaya a gefenta. Na zaga na sha kallo. Wani yaro ya haɗa abin tace ruwa da yashi da gawayi, wata yarinya ta bi diddigin abin da ke hana yara barci lokacin jarrabawa, wani kuma ya yi mini bayanin nasa har sau biyu ban gane ko kalma ba, na dai sa masa albarka. Yaran nan ƙanana ne, wasu ko gemu ba su fara ba, amma in suka buɗe baki sai ka nemi kujera.

Na samu wuri can baya, inda nake hango ta. Malaman suka iso kanta su uku, a gabansu wani tsohon farfesa mai tabarau a kan karan hanci, irin mutanen da ba ka sanin ko murmushi suke yi ko haƙori ke musu ciwo. Ta fara bayaninta.

Abin da ta gano ya ba ni kunya ta wata fuskar. Irin da ya fi daɗewa yana kore a cikin ƙishirwa, wanda ni zan nuna in ce shi ne jarumi, da ruwa ya zo bai tashi da kirki ba, furensa ya zube. Wanda kuwa ya fara nannaɗe ganye ya langaɓe tun farko, shi ne ya miƙe ya yi fure ya ɗaura 'ya'ya. A lambuna da tuni na tumɓuke shi na jefa wa awaki. Shekara da shekaru ina wannan sana'a, 'yata ce ta koya mini a gaban allo.

Sai farfesan ya yi tambayar da nake tsoro. Ya ce me ya sa ta ba da ruwan a wannan rana, kuma me ya sa kowace tukunya ta sha nata daban, wane irin tsari ne wannan? Auta ta dube shi. Ta ce ba tsari ba ne, mahaifinta ne ya zo ziyara ya ga shuka na ƙishi ya ba ta ruwa, kuma sakacinta ne da ta bar shi bai san ma'anar tambarin ba. Ta ce saboda haka ba ta kiran abin da ta samo hujja, alama ce kawai, sai an sake gwajin da gangan kafin a gaya wa manomi ya dogara da shi.

Farfesan ya tambaya ko mahaifin yana nan. Na so ƙasa ta tsage in shige. Na zaro hannu daga aljihu na ɗaga. Duk suka juyo, dariya ta ɓarke, har Dakta ta rufe fuska da takarda. Farfesan ya dube ni ta saman tabarau ya ce shi ma da ya shiga ɗakin sai da ya riƙe kansa. Sannan ya koma kan Auta ya yi ta jero mata tambayoyi masu wuya, ba sassauci. Wasu ta amsa, wasu ta ce ba ta sani ba.

Da aka zo kiran sakamako, yaron mai tace ruwa ne ya zo na ɗaya, kuma ya cancanta. Auta ba ta samu kyauta ba. Sai aka shiga kiran waɗanda za su ci gaba baɗi. Ana kira ina matse hular da ke hannuna, har aka kusa ƙarewa, sannan na ji sunanta. An bar ta ta sake gwajin daga farko, da ƙarin tebur guda. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba, har da idon da aka yi wa aiki. In likita ya tambaya, ki ce ba ki sani ba.

Da la'asar muka hau bas zuwa gida. Na shirya dogon jawabin neman gafara tun safe, ina ta juya shi a baki. Na buɗe baki na ce Auta, sai na ji nauyi a kafaɗata. Ta yi barci, katin sunanta na rataye a wuya, bakinta a ɗan buɗe. Makonni ke nan yarinyar nan ba ta huta ba saboda ni. Muka iso inda za mu sauka, kwandasta ya dube ni, na girgiza masa kai. Sai da muka kai ƙarshen layi muka juyo, ban motsa kafaɗar ba.

Ina tafe ranar Lahadi in Allah ya yarda. Ki tanadi dariyarki, yanzu zan iya ɗauka.

Mijinki mai kewarki,
Baban Auta